Usman Baba Pategi da Rigar Samanja

A cikin mutanen da suka yi wasan kwaikwayo da harshen Hausa tun daga lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata a Kaduna cikin 1962, da wuya a sami wanda sunan wasa ya haɗiye masa sunan yanka kamar Alhaji Usman Baba Pategi. Ya rasu a Kaduna ran 12 ga watan Nuwamba, 2023, Allah ya jiƙansa, amma ko a wannan rana abin da ya bi bakin jama'a shi ne Samanja ya riga mu gidan gaskiya. A ƙasar Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, ko Birnin Kudu, in ka tari dattijo ka ce masa ko ya san Usman Baba, sai ya tambaye ka wanne daga ciki. In kuwa ka ce Samanja Mazan Fama, tun bai ba ka amsa ba za ka ga ya fara murmushi. Shi wannan mutum shi ke ƙaga labarin wasan, shi ke shirya 'yan wasa, shi ne kuma ke fitowa a matsayin da kowa ke jira. Tun da haka ne, ya kamata a ɗora aikinsa bisa ma'auni kamar yadda ake yi wa littafi, a ga inda ya yi nauyi da inda ya kasa, domin yabon mamaci kowa ya iya shi, kuma ba ya ƙara wa na baya sani.

Asalinsa Banufe ne. An haife shi cikin 1942 a Pategi, wani gari na bakin kogin Kwara wanda a zamanin Turawa yake cikin Lardin Ilori, yanzu kuwa cikin Jihar Kwara. Ɗan gidan sarautar garin ne, mahaifinsa Etsu ne, watau Sarki. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya taɓa aiki a gidan rediyo, sa'an nan ya shiga soja cikin shekarun 1960, zamanin da ƙasa ta auka cikin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A farkon shekarun 1970 aka fara wasan Samanja daga Kaduna, a talabijin da rediyo, daga nan kuwa har tsufa ya cim masa bai tuɓe wannan kaki ba. Mai karatu ya riƙe abu biyu daga wannan ɗan tarihi, don duk abin da za mu faɗa a gaba a kansu ya rataya. Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, kuma wanda ya shigo harshe daga waje yakan ji waɗansu abubuwa cikinsa waɗanda ɗan gida ba ya lura da su. Sa'an nan da ya tashi kwaikwayon soja bai je ya leƙa bariki ta kan katanga ba. A ciki ya kwana ya tashi, ya yi fareti, an daka masa tsawa tun kafin ya koyi daka wa wani.

To, me ya sa samanja? Cikin soja akwai kofur, akwai saje, akwai kyaftin da manjo da kanar, har janar, yana iya ɗaukar wanda ya ga dama. Amma duk barikin babu wanda zamansa ya kai na samanja daɗin kwaikwayo. Shi ne ƙololuwar waɗanda suka taso daga kurtu, ya tsufa cikin aiki, ya san kowace ƙa'ida, in ya taka filin fareti da sanda a hammata ko tari ba mai yi sai da izninsa. Duk da haka bai kai hafsa ba. Yaron da ya fito makarantar horon hafsoshi jiya, wanda a haife ya haife shi, in ya gitta dole samanja ya ƙame ya sara masa. Watau zaki ne in ya dubi ƙasa, in ya ɗaga kai kuwa ya zama ɗan aike. Mutanenmu na karkara ba su bukatar a yi musu bayanin irin wannan zama, gama sun san dagaci a zamanin En'e lokacin haraji, wanda yakan shigo ƙauye da kumfar baki, gobe a gan shi gurfane gaban hakimi yana neman a yi masa haƙuri. Sun san mai unguwa, sun san dogari, sun san ɗan doka. Duk inda aka ba mutum rabin iko aka riƙe rabi, nan dariya take kwana, domin kullum yana ƙoƙarin ya nuna wa mutane rabin nan ya cika. Wannan zaɓe shi ne aikin marubuci na farko da Usman Baba ya yi, ina kuma ganin shi ne mafi girma. Shekara da shekaru yana ɗiba daga wannan rijiya ba ta ƙafe ba.

Abin da ya fi kama kunnen jama'a kuwa shi ne bakin Samanja, kuma nan ya kamata mu ɗan daɗe. Hausa ta shiga bariki tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Nijeriya. Cikin 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara waɗansu 'yan tsirarun mayaƙa a Ikko, aka riƙa kiransu Hausawan Glover, cikin 1897 kuma aka ɗora wa Lugga kafa rundunar Afirka ta Yamma. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi ta ɗauka bayan nan ba Hausawa ba ne. Akwai Tibi, akwai Angasawa, akwai Dakarkari da Zabarmawa da Barebari da sauransu, ga kuma hafsoshi Turawa a kansu. Hausa ita ce ta haɗa su, amma Hausar da kowa ya tauna da irin haƙoransa. Da ita aka tafi Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, da ita aka komo. A cikin wannan Hausa ta bariki namiji da mace duk sukan zama "shi", ƙa da ɗa da ɓa sukan sauke ƙugiyarsu, Ingilishi kuma ya shigo ya zauna ya sake kama, har ya bar mana kalmomin da yau ba mai jin baƙuncinsu, irin su soja, da bariki, da fareti, da kurtu, da kofur, da hafsa, da shi kansa samanja. Da wuya ka sami garin da bai taɓa yin ɗan mazan jiya ba, tsohon sojan da ya komo gida da irin wannan baki, yana zaune ƙofar gida da tsohuwar kwat ɗinsa, yara na tsokanarsa don su ji ya yi musu Turanci. Saboda haka da Samanja ya buɗe baki mutane suka gane shi, don sun riga sun san ɗan'uwansa a unguwa.

Usman Baba bai ɗauko wannan harshe ɗanye ya zube gaban mutane ba. Da haka ya yi, da wata guda ya isa a gaji da shi, don kuskuren magana sau ɗaya yake ba da dariya. Abin da ya yi shi ne ya mai da sauyin harshe ya zama shi ne wasan. Wanda ya saurara da kyau zai lura Samanja ba ya tsallakawa daga Hausa zuwa Ingilishi haka kawai. In yana so ya tuna wa mutum ko shi wane ne, sai Ingilishin fareti ya taso, gajere, da ƙarfi, rabinsa an karya masa wuya. In magana ta koma ta gida, ko ta neman sulhu, sai murya ta sauko, Hausa ta komo. In kuwa abu ya rikice masa, sai duk su cakuɗe cikin numfashi guda, ya fara da wannan ya ƙare da wancan. Ta haka mai sauraro a rediyo, wanda ba ya ganin fuska, ba ya ganin kaki, yana iya sanin halin da Samanja ke ciki daga harshen da ya kama. Wannan ba ƙaramar gwaninta ba ce, ita ce kuma ta sa wasan ya yi rai a ƙauyukan da talabijin bai kai ba. A wajejen Dutse, tun tana ƙarƙashin Kano kafin a yanke Jihar Jigawa cikin 1991, akwatin rediyo ne ya haɗa yawancin mutane da Kaduna, ta kunne suka san mutumin kafin su san shi ta ido.

Akwai masu kishin harshe da kan ga irin wannan wasa ɓata Hausa yake yi, yana koya wa yara karya magana. Ina ganin sun dubi abin ta baya. Ba wanda zai yi dariyar karyayyar magana sai wanda ya san miƙaƙƙiya. Duk sa'ad da Samanja ya murɗe kalma aka tuntsire, kowane mai sauraro ya riga ya gyara ta a zuciyarsa kafin ya yi dariyar, ko da bai san ya yi ba. Har ma akwai wata alfarma da asalinsa ya ba shi. Ƙasar Hausa ta saba da wasan barkwanci tsakanin al'ummai, Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, Bakatsine da Bahaɗeje, Bakatsine kuma da Banufe. Da Bahaushe ne ya fito yana kwaikwayon bakin waɗanda Hausa ba tasu ba ce, da wani ya ji kamar gori ake yi masa. Da yake Banufe ne ke yi, kuma wanda ya ci kakin da gaske, sai ya zama mutum ne ke wasa da kansa, kowa ya sami damar dariya ba tare da jin ya ci mutuncin wani ba.

Kwaikwayon mai iko ba a Kaduna aka fara shi ba. Tun kafin R. M. East ya buga wasanninsa shida na Hausa cikin 1936, matan fada na yin wasan gauta, inda wata za ta yi shigar sarki ta kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, shi kuwa ya ga abin da fadawa ba su iya gaya masa. Samari na yin kalankuwa bayan kaka, su naɗa nasu gwamna da alƙali da ɗan doka. Yara na tashe cikin watan azumi, 'yan kama kuma na kwaikwayon malamai da wa'azin tuwo da miya. Yawancin waɗannan al'ada ta ba su izni ne na ɗan lokaci, in lokacin ya wuce kowa ya koma matsayinsa. Samanja daga wannan gida ya fito, sai dai shi izninsa bai ƙare da kaka ko da azumi ba. Turawa ma suna da nasu sojan wasa tun da daɗewa. Wani marubucin Rum mai suna Plautus ya yi wasa a kan soja mai cika baki wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, Shakespeare na Ingila kuma ya yi Falstaff. Amma waɗannan a baki suke yaƙi, in an zare takobi sai a neme su a rasa. Samanja ba matsoraci ba ne, kuma ba a gina wasan bisa cewa ƙaryar jaruntaka yake yi ba. Aibinsa shi ne ya yarda da ƙa'idar bariki har ya zaci duniya duka bariki ce, yana so ya tafiyar da gida da maƙwabta yadda ake tafiyar da fareti. Wannan bambanci shi ne zai kai mu ga tambayar da ta fi kowace nauyi.

Yaya aka yi mutum ya yi shekaru yana sa jama'a dariyar soja a gidan watsa labarai na gwamnati, alhali kuwa soja ne ke mulki? A tuna da zamanin. Daga 1966 zuwa 1979 soja ke riƙe da ƙasa, suka komo ranar ƙarshe ta 1983, kuma in ban da 'yan watanni cikin 1993 ba su sake ta ba sai 1999. Kafin yaƙin basasa sojan Nijeriya duka wajen 10,000 ne, yaƙi ya ƙare suna wajen 250,000. Barikokin da ake da su ba su ɗauke su ba, da yawa suka zauna cikin gari tare da farar hula, aka yi ta samun saɓani a tasha da kasuwa da kan hanya. Talaka ya koyi kauce wa mai kaki. Wanda kuma ya taɓa soja da baki ya ga abin da ya gani. Fela Anikulapo Kuti ya yi waƙar Zombie yana kwatanta soja da gawar da ake juyawa da umurni, cikin Fabrairu 1977 soja suka far wa gidansa a Ikko suka ƙone shi, har aka jefo mahaifiyarsa ta taga. Cikin 1984 aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, bisa Doka ta 4. A cikin irin wannan zamani Samanja ke fitowa da kakinsa ana ta dariya, sojan da kansu na cikin masu dariyar.

Wani zai ce ai wayo ne irin na wawan sarki, wanda ke faɗin gaskiya cikin raha. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, amma ba ta cika ba, domin wawan sarki sarki yake taɓawa. Dariyar Samanja kuwa tana da rufi, rufin nan kuwa shi ne muƙaminsa. Ana dariyar samanja, da kofur, da kurtu, da mutanen bariki, watau waɗanda su ma talakawa ne aka sa wa kaki. Waɗanda suka yi juyin mulki, suka sa hannu kan dokoki, suka raba kwangila, wasan bai ɗaga ido ya dube su ba. Fela ya ga laifin soja shi ne biyayya ba tunani. Usman Baba ya ɗauki biyayyar nan ya mai da ita abin ƙauna, ya nuna mai ita mutum ne mai iyali, mai yin kuskure, wanda in ka san yadda za ka bi da shi za ku zauna lafiya. Ba na faɗin wannan don in rage masa daraja. A shekarun da suka biyo bayan yaƙi lalle ana bukatar wanda zai cire wa yaro tsoron kaki, ya kuma nuna wa mai kakin yadda yake a idon mutane, kuma ba mamaki akwai kofur da ya sassauta murya a kasuwa don kada yara su kira shi Samanja. Amma mai auna wasan dole ya faɗa cewa dariyar da ta sa talaka ya saba da soja, ita ce kuma ta taimaka ya saba da mulkin soja. Wanda ya ba ka dariya da dare bai rage maka komai daga dokar da za ka tarar da safe ba, sai dai ya sa ta yi sauƙin haɗiya. Ina zaton manyan soja sun gane haka sarai, shi ya sa ba su ga dalilin hana wasan ba.

Sai mu juya ga Usman Baba marubuci, nan ne kuwa hannun mai bincike ke komowa kusan wayam. Wasan kwaikwayon Hausa na rediyo da talabijin a wancan zamani yawanci ba a rubuta shi kalma kalma. Mai shiri yakan zo da ƙashin labari, ya ce wane zai shigo ya tarar da wane, za a yi gardama kan abu kaza, a ƙare da kaza, sa'an nan kowane ɗan wasa ya sa tsoka da bakinsa. Wannan hanya tana da albarka, ita ta sa magana ke fitowa da ɗumi kamar a zaure, ba irin ta ɗan makaranta mai hadda ba. Ga mutum irin Usman Baba, wanda gwanintarsa ke cikin saurin juya harshe, takarda ma sai ta zame masa dabaibayi. Hasararta ita ce ginin labari yakan yi rauni. Sau da yawa abin da ke riƙe da wasan Samanja shi ne Samanja, in ya fita sai a ji kamar an rage wutar fitila, ana jira ya komo. Matsalar da aka ƙulla a farko takan warware da tsawa ko da nasiha, don lokacin shiri ya ƙare, ko da abubuwan da suka faru ba su kai ta can ba tukuna. Gidan gwamnati kuma yana son kowane wasa ya ɗauki saƙo, na zaman lafiya ko na bin doka ko na tsabta, saƙon nan kuwa wani lokaci yakan zauna bisa wasan kamar ƙullin kayan da aka ɗora wa jaki bayan an riga an ɗaure mangala.

A gwada shi da Malam Shu'aibu Maƙarfi. Shi ma a rediyo wasanninsa suka fara, amma aka mai da su rubutu, aka buga Zamanin Nan Namu cikin 1959, Jatau Na Kyallu ya biyo baya. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda jama'a suka sani da Kasagi, shi ma ɗan wasa ne da suna guda ya bi, amma ya bar Kulɓa Na Ɓarna, wanda aka buga cikin 1979. Yusuf Ladan, abokin sana'ar Usman Baba a Kaduna, ya mai da Zaman Duniya Iyawa Ne littafi cikin 1980. Yau ɗalibi a Dutse wanda bai taɓa jin muryar ko ɗaya daga cikinsu ba yana iya buɗe littafi ya yi gardama da su. Samanja kuwa, wanda a ganina ya fi su duka shiga gidajen mutane, ba ya cikin littattafan da ake karantawa a aji.

Wajen shirya 'yan wasa ma halin ɗaya ne. Ya tara mutanen da suka iya tsayawa gabansa ba su narke ba, irin su Bariki, matarsa ta cikin wasa, da Mutuwa Dole, domin ya san tsawa ba ta ba da dariya sai in akwai wanda zai ƙi jin tsoronta. Mutumin da kurata ke rawar jiki gabansa ya koma gida ya tarar da wadda ba ta san fareti ba, ai rabin wasa ya samu tun ba a ce komai ba. Amma ƙungiyar an gina ta ne don ta kewaye mutum ɗaya, kuma in wata ya cika ba a cika lura da taurari ba. A nan ya bambanta da Ƙasimu Yero na Zariya, wanda ya rasu cikin 2017. Shi Ƙasimu yau Karambana ne, gobe ya zama Uncle Gaga cikin wasan Ingilishi mai suna Cockcrow at Dawn, jibi a gan shi cikin Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin. Kowace riga ya sa sai ta zauna masa, ya tuɓe ya sa wata. Usman Baba riga ɗaya ya ɗinka, ya yi ta ƙara mata aiki har ta zama ba mai iya sa ta sai shi. Wanne ya fi? Masu koyar da wasa za su ce Ƙasimu, don sauya kama shi ne sana'ar. Ni dai ban yarda a yanke wannan hukunci da gaggawa ba. Wanda ya zauna cikin hali ɗaya shekaru masu yawa yana kai shi wani zurfi da mai sauye sauye ba ya kaiwa, har jama'a su san abin da Samanja zai ce kafin ya buɗe baki, su kuma yi dariya sa'ad da ya faɗa, don ya zo da shi ta hanyar da ba su zata ba. A dandali gaban jama'a, inda ba a yanke kuskure a sake ɗauka, nan wannan zurfi ya fi amfani, gama ɗan wasan da taro ya riga ya san halinsa shigowarsa kaɗai ta isa ta kama wurin.

Gwaji mafi tsanani ya zo wa wasan a ƙarshen shekarun 1980, sa'ad da Hukumar Talabijin ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1977, ta ɗauke shi ta riƙa nuna wa ƙasa duka. Don mutanen Kudu su fahimta sai aka rinjayar da maganar zuwa Turancin buroka. Suna ya ƙaru, Samanja ya shiga sahun Zebrudaya na Inugu, wanda Chika Okpala ke fitowa a matsayinsa yana karya Ingilishi da gadara, da Baba Sala na ƙasar Yarbawa. Amma a ganina abin da aka samu a faɗi an rasa shi a zurfi. Daɗin Samanja na Hausa yana cikin tazarar da ke tsakanin Hausar da mai sauraro ya sani da wadda yake ji, da kuma tsallen da ake yi daga wannan harshe zuwa wancan. Buroka kuwa a bakin sojan Nijeriya ba baƙuwa ba ce, saboda haka samanja mai buroka samanja ne kamar kowane. Abin da ya fi fitowa shi ne tsawa da kaki da zare ido, waɗannan kuwa ko wani ma ya iya. Mutumin Ikko ya ga soja mai ban dariya, ya kuma ji daɗinsa. Mutumin Gwaram da ya san na farko ya ji an rage wa miyar daddawa.

Cikin 1990 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a Kano, daga nan sana'ar ta fara komawa kaset ɗin bidiyo da kasuwa, tana barin hannun gidajen gwamnati. Wanda ya gaji hanyar Usman Baba a wannan sabon zamani, ko da yake bai gaji kakinsa ba, shi ne Rabilu Musa na Ɗanlasan, can wajen Wudil bisa hanyarmu ta zuwa Kano, wanda ya rasu cikin Disamba 2014. Shi ma suna ɗaya ya riƙe, Ibro, ya yi ta shiga da shi kowace sana'a da kowace ƙabila. Da yake kasuwa yake wa aiki sai ya fi Samanja sakin baki, ya kuma fi shi gaggawar aiki, kuma ba shi da inuwar da Samanja ya samu, har cikin 2008 wata kotun tafi-da-gidanka ta Kano ta ɗaure shi kan sha'anin tace fina-finai.

Abin da ya rage na Samanja yanzu yana cikin tsofaffin faya-fayan da aka ɗauka a Kaduna, da guntayen da masu sha'awa suka ɗora a intanet, da kuma kawunan waɗanda suka ji shi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Faifai da kaset ba su jure zafi da ƙura da damina kamar takarda. In hukumar adabi ko wani sashen Hausa na jami'a za su yi wani abu, aikin shi ne a nemo abin da ya tsira, a juye shi, a zaɓi wasa goma ko goma sha biyu na zamanin Hausa, a rubuta su yadda aka faɗe su. Wanda zai yi wannan aiki zai gamu da wahalar da masu buga Jatau Na Kyallu ba su gamu da ita ba, gama ƙa'idar rubutun Hausa an tsara ta ne don daidaitacciyar magana, ba ta tanadi yadda za a rubuta kalmar Ingilishin da aka karya da gangan ba, balle inda murya ta tashi daga lallashi ta koma umurni a tsakiyar jimla. Sai an ƙago waɗansu alamomi, an kuma yi bayani a gefen shafi kan kalmomin bariki da yaran yanzu ba su sani ba. Kuma lalle a ja kunnen mai gyaran rubutu tun da wuri, kada ya ɗauki jan alƙalami ya bi yana miƙe abin da Samanja ya karya da niyya.